Darasin Kasuwanci A Jami'o'inmu: Me Ya Hana Shi Kai Ɗalibi Kasuwa?

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa ɗaliban jami'a a Nijeriya darasin kasuwanci da dogaro da kai, domin matashi ya daina zaman jiran aikin gwamnati. Manufa ce kyakkyawa, amma har yau masu digiri ne ke tare mu a harabar masallaci suna neman wanda zai yi musu hanyar aiki.

Cikas na farko yana cikin salon koyarwar. Akan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, sau da yawa gaban malamin da bai taɓa sayar da ko allura ba, su haddace, su rubuta jarrabawa, su manta. Alhali a Kantin Kwari ta Kano yaron shago yakan shafe shekaru yana koyon ciniki da karɓar bashi da riƙon amana kafin ubangidansa ya sallame shi da jari.

Na biyu shi ne jarin kansa. Galibi rancen banki mai kuɗin ruwa ake nuna wa ɗalibi, wanda Shari'a ta haramta, sai mai tsoron Allah ya naɗe hannu. Ga shi kuwa fiƙihunmu ya tanadi ƙiradi, wato mudaraba: mai dukiya ya ba da jari, mai ƙwazo ya juya shi, su raba riba bisa kason da suka amince, asara kuma ta hau kan dukiya matuƙar babu sakaci. Bankin Jaiz ya fara aiki ba tare da kuɗin ruwa ba tun 2012, don haka babu uzurin barin wannan babi daga manhaja.

Da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi hijira zuwa Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa, ya dawo da ribar cuku da man shanu. Irin wannan zuciya ake son darasin ya gina.

Muna kira ga jami'o'i su riƙa tura ɗalibai zango guda wurin 'yan kasuwa da masu sana'a, mawadata kuma su kafa waƙafin jari ga waɗanda suka nuna himma da gaskiya. Allah Ya azurta matasanmu da halal.