Yaƙin Sunƙuru a Fadamar Gulbin Kabi: Yadda Argungu Ta Gagara Shekara Hamsin

'Yan uwana ɗalibai, in aka ce yaƙin sunƙuru, da yawa daga cikinmu finafinan Amurka ke zo musu a rai, sojoji cikin daji suna kwanton ɓauna. Alhali tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a mota ba, kakanninmu sun shafe kusan shekara 50 suna irin wannan yaƙi. Ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma na lura kowa a makarantar nan ya san bikin kamun kifi, amma kaɗan ne suka san abin da ya haife shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da ma'ana. Yaƙin sunƙuru shi ne yaƙin wanda aka fi ƙarfi. Ba ya tsayawa a fili a gwabza. Sai ya kai sari ya noƙe, ya tare hanya, ya jira dare ko damina, har mai ƙarfi ya gaji. Misalin da littattafan soja ke yawan kawowa shi ne na wani injiniya Ba'amurke, Wendell Fertig. Da Japan ta mamaye ƙasar Filifin a 1942, manyansa suka miƙa wuya, shi kuwa ya ƙi. Ya tattara mutanen tsibirin Mindanao suka yi ta yaƙi har 1945, ana kawo musu makamai daga Ostareliya ta jiragen ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Abu uku ne suka riƙe shi: ƙasa mai wuyar shiga, jama'ar da ke ɓoye shi suna ciyar da shi, da abokai daga waje. Ku riƙe waɗannan uku, domin su ɗin ne za mu tarar a gida.

Daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16 da hedkwata a Surame, daga baya ta mayar da fadarta Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wasu Kabawa suka yi mubaya'a, wasu suka bi sarkinsu. Hodi ya yi ta fafatawa har aka kashe shi a 1826. Sama'ila Karari ya ɗora daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. A nan kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da saura. Ɗan Karari, Yakubu Nabame, ya zauna shekaru masu yawa a hannun mahukuntan Sakkwato. Ana ba da labarin cewa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a wani yaƙi da Gobirawa, shi ya sa aka sassauta masa. A 1849 ya koma cikin mutanensa, ya warware mubaya'a, aka naɗa shi Sarkin Kabi a Argungu. A idon Gwandu da Sakkwato wannan tawaye ne ga daular Musulunci bayan an yi alkawari. A idon Kabawa kuwa ɗan gida ne ya dawo neman gadon ubansa. Ni dai ba alƙali ba ne, kuma jinin ɓangarorin biyu na zaune aji ɗaya a makarantar nan. Tambayata ita ce: ta yaya ƙaramin gari ya gagari daula mai faɗin gaske?

Na farko, fadama. Wanda ya taɓa tsallaka Gulbin Kabi da damina ya san yadda ruwa ke malala ya cinye ƙasa iya ganinka. Ƙarfin rundunar daula yana ga barade da dawakansu, doki kuwa ba ya yaƙi cikin laka. Saboda haka sai da rani ake iya kawo babban hari, kuma ko an zo, Argungu na da ganuwa a gaba, fadama a baya, ba a iya zagaye ta a hana ta abinci. Mutanen da suka tashi cikin kwale-kwale da su sun san kowane mashigi.

Na biyu, abokai. Nabame bai tsaya shi kaɗai ba. Arawa, da Zabarmawan Dosso, da mutanen Dandi duk sun tashi tare da shi. Ta haka aka datse hanyar Gwandu zuwa yankunanta na yamma, wajen kogin Kwara. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya kuma rubuta irin fargabar da matafiya ke ciki a hanyoyin yankin.

Na uku, jama'a. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Shaida ita ce mutuwar shugaba ba ta kashe yaƙin ba. An kashe Nabame a 1854, an kashe magajinsa Yusufu Mainasara a 1859, amma aka ci gaba. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru shi ma ya rasa ransa a fagen fama da Kabawa. Ambursa, inda filin jirginmu yake yanzu, ribaɗi ne a wancan zamani, wato garin tsaro da ke kallon Argungu.

Da kowa ya gaji sai aka yi sulhu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, ya kai kusan shekara takwas kafin ya wargaje a 1875. Sannan Sama'ila ɗan Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883, ya mayar da tsaro ya zama hari. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya fito da kansa da babbar runduna, aka kore ta. Har Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba a sake cin Argungu ba.

To amma fa kada jarumta ta rufe mana ido. Wa ya biya kuɗin wannan yaƙi? Talakan ƙauye, na nan da na can. An ƙone garuruwa, an kwashe dabbobi, an kama mutane an sayar bayi, gonaki sun zama kufai. Yaƙin sunƙuru dabara ce kawai, na kirki na iya ɗaukarta, mugu ma haka. Yau 'yan bindiga da Lakurawa su ma sari suke su noƙe, kamar yadda aka gani a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024. Ma'aunin ɗaya ne: duk wanda ke cin jama'ar da yake iƙirarin karewa, ɗan fashi ne, ko da wane suna ya zo.

Abin da takobi ya kasa, ziyara ce ta yi shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, aka shirya masa gagarumin su a Matan Fada. Daga nan bikin kamun kifi ya samo siffar da muka sani, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma waɗanda suka fi kowa sanin haka su ne 'ya'yan sarakunan da suka binne iyayensu a wannan fadama.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai, a shirya mana mota ɗaya kafin jarrabawa, mu je gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, mu biyo ta Ambursa, mu ƙare a fadar Abdullahi Fodiyo. Bakabe da Bagwande su zauna kujera ɗaya, kowa ya ji labarin daga bakin ɗaya ɓangaren. Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya zaunar da jiharmu lafiya.