Kafin Itace Ya Faɗi, A Yanke Magana

A ranin da ya wuce, ina cikin rangadin gonaki tsakanin Gwandu da Kalgo, na sauka Wurogauri na tarar da taro a ƙofar gidan mai gari. Wani dattijo ne da wani saurayi mai injin zarto su ke ta da jijiyar wuya. Dattijon yana da babban dogon yaro a bakin gonarsa, wanda mahaifinsa ya dasa. Ɗansa zai yi aure, ana bukatar katakon rufi da na ƙofa, sai ya kira mai inji suka shirya a kan za a raba biyu. Da itacen ya faɗi, sai ga kogo tun daga gindi har kusan tsakiya. Falanki tara kaɗai ya fita, huɗu ne masu kyau a ciki. Mai inji ya ware masu kyan, ya ce ai shi ya ƙone mai.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, iccen nan ya girme ka, ya girmi yaron nan. Yau ga shi ba icce, ba katako."

Na ce, "Baba, kafin a sare kun auna shi? Kun faɗi wanda zai fara zaɓa?"

Ya ce, "Ba mu yi ba, ɗana."

Mai gari ya raba gardama, aka yi zaɓen bi da bi, mai itace ya fara. Duk da haka sai da dattijon ya sayar da tunkiya ya cika katakon daga Birnin Kebbi. Shi ma saurayin da ya zauna ya yi lissafi, ko kuɗin mansa bai mayar ba. To, jama'a, babu macuci a cikinsu. Abin da ya cuce su duka biyu shi ne sun yi ciniki ba awo, ba lissafi.

SANA'AR DA TA SHIGO ƘAUYE

A dā, mutum biyu ke jan dogon zarto, ɗaya a bisa gungume, ɗaya a ƙarƙashinsa, su yini ba su fid da falanki da yawa ba. Yanzu kuwa mai inji ya kan ɗaura injinsa a bayan babur, ya je har gindin itace, ya kayar, ya tsaga nan take. Injin da aka fi yarda da shi na kamfanin Stihl ne na ƙasar Jamus. Amfanin wannan sana'a a fili ya ke. Ba sai an nemi babbar mota ta ɗauki gungume ba, kuma katakon Kudu kafin ya iso mana kuɗin mota ya riga ya hau kansa.

Amma fa injin yana da ci. Sarƙarsa ta kan cinye wajen kashi 3 cikin 8 na inci a kowace tsaga. Watau in ana fid da falanki mai kaurin inci 1, fiye da rubu'in itacen gari ya ke zama. Akwai wani irin inji mai siririn zarto wanda a ke ja bisa ƙafafun taya, shi kashi 1 cikin 8 kurum ya ke ci, sai dai yana da tsada ƙwarai. Wannan ɓarna tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da injin sarƙa tun 1998.

YADDA A KE AUNA GUNGUME

Ma'aunin 'yan katako shi ne falanki, watau katako mai kauri inci 1, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 12. Don a san nawa kowane katako mai tsawon ƙafa 12 ya ɗauka, sai a riɓanya kauri da faɗi, a raba da 12. Bisa ga haka, tu-bai-sikis daidai ya ke da falanki 1, tu-bai-tiri rabin falanki ne, tu-bai-fo kashi 2 cikin 3, tu-bai-tu kashi 1 cikin 3. Wanda ke son tu-bai-fo 30 ya san itacen falanki 20 ya ke nema.

Shi kuwa gungume, a sa tef ko igiya a kewaye tsakiyarsa, a ga inci nawa ne. A raba wannan da 4. Abin da ya fita a riɓanya shi da kansa, sa'an nan a riɓanya da tsawon gungumen a ƙafa, a raba da 144. Ga misali. Gungume mai kewaye inci 72, tsawo ƙafa 12: 72 a raba da 4 ya ba da 18, 18 sau 18 ya ba da 324, 324 sau 12, a raba da 144, ya ba da 27. Wannan tsohon lissafin malaman daji ne. Amma kada manomi ya sa rai ga falanki 27. Bayan an fid da ɓawo da gefe-gefe da abin da sarƙa ta ci, in ya sami rabi, watau 13, ya gode wa Allah. In itacen karkatacce ne, ko mai kogo, bai kai haka ba. Saboda haka a bubbugi gindin da ƙotar gatari tun yana tsaye. Itace mai kogo amsawa ya ke yi kamar ganga.

HANYOYI HUƊU NA CINIKI

Ta fari ita ce biyan guda-guda, watau a yanka wa kowane katako kuɗinsa. Ita ta fi adalci, domin mai itace ba ya biyan abin da bai gani ba. Sai dai a sani aikin inji a tsaga ya ke. Tu-bai-tu uku itacensu ɗaya da falanki guda, amma sun fi shi cin mai da sarƙa, don haka kuɗin aikinsu tilas ya ɗara. Haka kuma itace mai tauri, irin su maɗaci da ƙirya da marke, ba za a yi masa farashin dogon yaro ko malaina ba.

Ta biyu ita ce biyan yini, mai itace ya sayi mai. Wannan ta dace da aikin tarkace, kamar sassare rassa da gyaran iyaka, amma sai mai aiki ya tsaya a kai.

Ta uku ita ce rabo, wadda ta haɗa mutanen Wurogauri faɗa. Tana da amfani ga wanda ba shi da kuɗi a hannu. In za a yi ta, a ware katako kashi biyu, mai kyau da mai aibi, a raba kowane kashi dabam.

Ta huɗu ita ce sayar da itace a tsaye. A nan kogo da asara duk na mai saye ne, shi ya sa ya kan taya da araha. Manomin da bai auna itacensa ba ya kan sayar da falanki 13 a kuɗin uku.

LISSAFIN MAI INJI

Masu inji da yawa sun karye domin sun ɗauka duk abin da ya rage bayan kuɗin mai riba ne. Ran da inji ya tsaya, sai a ga babu na gyara. Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, kowa ya sa farashin garinsu a madadinsu.

Fetur lita 10, naira 10,000. Man gauraye da man sarƙa, 3,000. Rabon sarƙa da magagari, 2,000. Yara biyu da abincinsu, 6,000. Zuwa da komowa, 4,000. Ajiyar inji, 3,000, watau in an saye shi 600,000 aka raba bisa kwana 200 na aiki. Ladan mai inji kansa, 7,000. Jimla 35,000. In ya fid da falanki 25 a yinin, kowane ɗaya ya tsaya masa 1,400 kafin a yi maganar riba.

To, a ce an kira shi saboda itace ɗaya tak, mai falanki 13. Mai da sarƙa da ajiyar inji sun ragu da rabi, sun koma 9,000. Amma yara da hanya da ladansa suna nan yadda su ke, 17,000, domin yinin ya riga ya tafi. Jimla 26,000, kowane falanki ya hau 2,000. Kun ga ke nan ba zalunci ne ke sa ƙaramin aiki tsada ba. Maganinsa maƙwabta uku ko huɗu su haɗa aikinsu rana ɗaya, su raba kuɗin hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har wa yau, farashin mai ba ya zama wuri ɗaya. Kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuwa ta zarce 1,000 a wurare da yawa. Saboda haka mai inji ya riƙa faɗin kwana nawa farashinsa zai tsaya, ko kuwa a shirya mai itace ya kawo mai, shi ya karɓi kuɗin aiki kurum. Kada kuma ya yi rowar man gauraye. Masu ƙera injin sun ce kashi 1 na mansu a zuba cikin kashi 50 na fetur. Wanda ya rage don tsimi, injinsa zai biya.

ABIN DA ZA A FAƊA GABAN SHAIDU

Da fari, itacen na wane ne? Wanda ya ari gona ko ya karɓe ta jingina ba shi da ikon sare itacen cikinta. Itacen iyaka sai da yardar maƙwabci, na gado kuwa sai da yardar magada duka.

Na biyu, takardar izini. A tafi ofishin malamin daji na ƙaramar hukuma tun kafin a ta da inji, a kuma faɗi wanda zai biya. Wanda aka kama da katako ba takarda, ya yi asarar katakon, ga tara.

Na uku, girman katako da adadinsa, a rubuce. Na huɗu, in an sami kogo, yaya za a yi? Na biyar, in sarƙa ta ci ƙusa, wa zai saya? Itatuwan cikin gari da na bakin kasuwa cike su ke da tsofaffin ƙusoshi da waya. Na shida, rassa da ɓawo da garin katako na wane ne, domin itacen wuta kuɗi ne. Na bakwai, in itace ya faɗa wa katanga ko shukar wani, wa zai ɗauka? Saboda wannan ne aka fi son aikin bayan an kau da amfanin gona. Na ƙarshe, kafin alƙalami ya tsaya ga kuɗin mai da na hanya, sauran sai an ƙirga katako. Akawu ko ɗan makaranta ya rubuta takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Ranar aiki a kori yara nesa. Mai inji ya sa takalmi mai rufi da tabarau, kada kuma ya yi aiki shi kaɗai. Da an gama, kada a bar ɗanyen katako a rana, iskar hunturu za ta tsattsage shi ta murɗe shi, balle na turare. A jera shi a inuwa bisa duwatsu, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a shafe bakunan da tsohon fenti, a ɗora nauyi a sama.

KUƊIN ITACE A TSAYE

Saura lissafi ɗaya, wanda ya fi duk na baya nauyi. Katako sau ɗaya a ke sayar da shi, amma ɗorawa kowace shekara tana ba da kalwa, kaɗanya ta ba da mai, tsamiya ta ba da 'ya'ya. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya taki ƙasa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Wanda ya sare waɗannan don falanki goma ya sayar da abincin shekara ashirin. Giginya kuma, in tilas ne a yi azara, namiji a ke sarewa a bar macen, don ita ke ba da 'ya'ya da muruci. Maɗaci da maɗobiya sun yi ƙaranci har an sa su cikin itatuwan da dokar ciniki ta duniya ta sa wa ido, maɗobiya tun 2017, maɗaci bisa shawarar taron 2022.

Itacen katako na manomi su ne dogon yaro da turare da malaina. Suna da saurin girma, kuma in an sare su kututturen ya kan tofo. A bar tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a kare su daga awaki. Da irin wannan renon tofo manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da a ke aikin ganuwar itatuwa don tare hamada, saboda haka wanda ya sare ɗaya ya nemi dashe ya sa biyar da faɗuwar damina. Shi ma mai inji wannan ya shafe shi, domin ran da itace ya ƙare sana'arsa ta ƙare.

Da na koma Wurogauri da kaka, na tarar kututturen dattijon nan ya yi tofo, ya kewaye shi da ƙaya. Ya ce, "Malam, wannan na jikana ne, kuma in lokacinsa ya yi, da tef za a fara." Duk mai son a nuna masa awon gungume ya tari malamin gona ko malamin daji na yankinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.