Kwana Biyu A Ƙauran Namoda: Hutun Da Ya Dawo Mana Da Hira

 Bari in fara da tambaya, amma ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah: yaushe rabon da ku zauna ke da maigida ku yi hirar da babu zancen cefane, kuɗin makaranta ko rashin lafiyar yaro a cikinta? Na yi wa ɗalibaina matan aure wannan tambayar a Islamiyya, ajin ya yi tsit. Can sai wata ta ce, "Malama, ai tun ina amarya." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma raina bai yi daɗi ba, domin kuwa amsar tata ita ce tawa.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure a Gusau, babu faɗa babu tashin hankali, sai dai gidan ya koma kamar ofis. Ya fita da safe, na fita makaranta, da dare kowa ya gaji. Irin wannan sanyin ya fi faɗa haɗari, saboda ba ya ƙara balle a ji a kawo ɗauki.

Turawan Ingila suna da wata al'ada: miji da mata su bar yara wajen kakanni, su tafi wani tsohon garin kasuwa su yi kwana biyu suna zaga gine-ginen tarihi. Mu ba sai mun ara daga gare su ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma a cikin tafiya ne ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Tsofaffin garuruwan kasuwa kuwa, ga su nan a bayan gidanmu.

Abin da muka gani

Da sanyin hunturu muka kai yara wajen Hajiyarsa, muka kama hanyar Ƙauran Namoda da hantsi, tafiyar kamar sa'a guda. Muka sauka a wani ƙaramin masauki mai tsabta. Da farko kunya ta kama ni, ina ganin kamar kowa kallona yake, sai maigidan ya ce, "Malama, ai da sadakina na zo."

Da yamma muka taka zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929. Ta nan ake lodin gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, kuma shi ya sa garin ya tara baƙi daga ko'ina. Yanzu tashar ta yi shiru. Muna tsaye a bakin dogon maigidan ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya kawo shi nan yana yaro don ya ga jirgi, ya saya masa rake. Wallahi shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa don tuna mahaifin nasa ba sai ran nan.

Washegari muka shiga kasuwa. Ni ce mai ciniki, shi ne mai riƙe kaya. Muka sayi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da hoce, muka koma masauki da fura da nono. Wani dattijo mai sayar da tabarmi ya tuna mana asalin sunan garin: Ƙaura sarautar yaƙi ce, Namoda kuma sunan jarumin Alibawa ne da ya taimaki jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Zurmi ita ce cibiyar Alibawan, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Zamfaran Zurmi. Abin da nake karantar da yara a allo, ga shi ina tafiya a kan ƙasarsa.

Inda ba mu je ba

Niyyarmu mu wuce Shinkafi ran Alhamis, ranar babbar kasuwarta da ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, wadda fatake ke zuwa har daga Nijar. Amma da muka tambayi direbobi a tasha suka ce hanyar ba ta da daɗi a makon, sai muka haƙura. 'Yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba, 'yan bindiga sun jima suna addabar wannan yankin, har ta kai a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya. Babu hutun da ya kai ran mutum daraja. Idan hanyar Ƙaura ma ta ƙi, ku zaɓi wani garin da hankali ya fi kwanciya da shi. Manufar ita ce ku biyu ku kaɗaita, ba sunan garin ba.

Idan kin yi niyya

Na farko, ki zaɓi lokacin da za ki kawo maganar. Kada ki kawo ta ranar da aljihu ya bushe, kada kuma ki kawo ta da sigar ƙorafi. Ni adashina na kwasa na ce kuɗin masauki a kaina, shi ya ɗauki mota da abinci.

Na biyu, ku sanar da iyaye, ku nemi albarkarsu. Uwar mijin da aka girmama da shawara ita ce za ta fara cewa a kawo mata jikokinta.

Na uku, idan kina da abokiyar zama, kada ki nemi a tauye mata haƙƙi. A yi ƙuri'a ko a yi bi da bi, ke ma ki riƙe mata yara idan nata ya zo.

Na huɗu, ku yi tafiyar da rana tsaka, ku tambayi mutanen garin halin hanya a ranar da za ku tashi, wani amintacce ya san inda kuka sauka, kuma ku karanta addu'ar tafiya.

Na biyar, ku bar rigingimun gida a gida. Waya kuma sau biyu a yini ta isa a ji lafiyar yara.

Mun dawo da man gyaɗa galan ɗaya da tabarma biyu. Man ya daɗe da ƙarewa. Tabarma ɗaya kuwa ita muke shimfiɗawa a tsakar gida bayan sallar Isha idan yara sun yi barci, mu zauna ko da na minti ashirin ne. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyin Shinkafi da Zurmi, Ya kuma ƙara mana so da tausayi a gidajenmu, amin.