Yadda makarantun sakandaren Amurka ke zaɓar wasan waƙa da rawa da ɗalibai za su yi

A yawancin makarantun sakandare na Amurka, akwai wasu darare a kowace shekara da ɗakin taro ke cika maƙil da iyaye da kakanni da maƙwabta. Sun yanki tikiti ne don su ga 'ya'yansu a kan dandamali suna wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa.

Wasan kan ɗauki kamar awa biyu. Amma shawarar wane wasa za a yi takan ci watanni, kuma a wasu garuruwan ta haddasa rigimar da ta kai ga jaridun ƙasar.

Mai kallon fina-finan Indiya ko na Kannywood ya saba da labarin da ake saka waƙa a cikinsa. Bambancin shi ne a nan ɗalibi zai rera da muryarsa kai-tsaye a gaban jama'a, sau da yawa tare da makaɗan da su ma ɗalibai ne. Kuma waƙar ce ke tura labarin gaba, idan aka cire ta labarin ya gutsure.

Wasannin da aka fi yi

Tun 1938 ake bin diddigin wasannin da makarantun sakandaren Amurka suka fi yi, aikin da ƙungiyar Educational Theatre Association ke gudanarwa duk shekara.

A da, tsofaffin wasanni irin su Oklahoma! na 1943 da Guys and Dolls da Bye Bye Birdie ne suka yi kaka-gida a jerin. A 'yan shekarun nan kuwa, sunayen da ke yawan fitowa a sama su ne The Addams Family da Beauty and the Beast da Mamma Mia!

The Addams Family, wanda aka fara yi a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta birnin New York, a 2010, ya sha zama na ɗaya. Labarin wani gida ne mai baƙuwar ɗabi'a, inda 'yarsu Wednesday ta kamu da son wani saurayi ɗan gidan mutane na yau da kullum, ta gayyato iyayensa cin abincin dare.

Barkwanci kaɗai bai isa ya bayyana farin jinin wasan a wajen malamai ba. Yana da manyan matsayi da dama na maza da na mata, sannan akwai ayarin kakannin gidan da suka taso daga kabari suna waƙa da rawa. Wannan ayari ana iya faɗaɗa shi gwargwadon yawan yaran da suka fito, don haka ba sai an sallami da yawa ba.

A fara duba yaran da ke hannu

Ƙwararren malamin wasan kwaikwayo yakan fara ne da lissafin ɗaliban da yake da su, kafin ya waiwayi wasan da ransa ke so.

Matsalar da aka fi sani ita ce 'yan mata sun fi samari fitowa neman shiga, alhali tsofaffin wasanni da yawa maza suka fi bai wa matsayi. West Side Story, alal misali, yana buƙatar gungun samari biyu da suka iya rawa sosai. Makarantar da samari biyar kawai suka fito ba ta da hanyar yin sa.

Sai batun murya. Yaro ɗan shekara 14 da muryarsa ke sauyawa ba zai iya ɗaukar waƙar da aka rubuta wa gogaggen mawaƙi ba, kuma tilasta masa na iya ji wa muryar ciwo.

Akwai kuma tambayar adalci: a zaɓi wasan da tauraruwa ɗaya za ta haska a cikinsa, ko wanda yara 40 za su samu abin yi? Malamai da yawa sun fi karkata ga na biyu, saboda makaranta wurin koyo ce. Ko waɗanda ba su hau dandamali ba suna da aiki: wasu na kula da fitilu da na'urar sauti, wasu na ɗinka kaya, wasu na sassaƙa da fentin kayan ƙawata dandamali.

Lasisi da kuɗi

Makaranta ba ta da ikon ɗaukar wasa ta yi haka kawai. Sai ta nemi lasisi daga kamfanin da ke wakiltar marubutan, kamar Music Theatre International, wanda marubucin waƙoƙi Frank Loesser ya kafa a 1952, ko Concord Theatricals.

Kuɗin lasisin ya danganta da yawan kujerun ɗakin, da farashin tikiti, da sau nawa za a yi wasan. Ban da wannan akwai hayar littattafan wasan da takardun kiɗa, da kayan sawa, da makirufo. Makarantu da yawa da cinikin tikitin bana suke shirya wasan baɗi, shi ya sa sunan da zai ja jama'a yake da nauyi a lissafi.

Wani lokaci ma ba a ba da lasisin sam, idan wasan na gudana a Broadway ko ƙwararru na zagayawa da shi a kusa da garin.

Sharaɗi mafi tsauri shi ne ba a sauya kalma ko a cire waƙa sai da izinin masu haƙƙin mallaka. Don sauƙaƙa wa makarantu, kamfanonin kan fitar da bugu na musamman da aka gajarta ko aka tsaftace harshensa, kamar yadda aka yi wa Les Misérables da Rent da Grease.

Inda rigima ke tashi

A ƙarshen 2013, shugaban makarantar Trumbull da ke jihar Connecticut ya soke wasan Rent, ko da yake bugun makarantu ne za a yi. Wasan ya taɓo cutar ƙanjamau da shaye-shaye da soyayyar jinsi ɗaya. Ɗalibai suka tattara sa hannun jama'a, labarin ya bazu a ƙasar, daga baya aka janye sokewar aka yi wasan a watan Maris na 2014.

A farkon 2017, makarantar Cherry Hill East ta jihar New Jersey ta shirya Ragtime, labarin wani baƙar fata makaɗin piyano da aka wulaƙanta a farkon ƙarni na 20. A cikin wasan akwai kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙen fata. Bayan ƙorafi, hukumar ilimin yankin ta ce a cire ta, amma masu haƙƙin mallaka ba su amince da sauyin ba. Ya rage ko a yi wasan yadda aka rubuta shi ko a fasa. Aka yi shi yadda yake, tare da tattaunawa da ɗalibai a kan tarihin kalmar.

A 2018 kuma, makarantar Ithaca ta jihar New York ta fasa The Hunchback of Notre Dame, bayan wasu ɗalibai sun yi ƙorafin an bai wa farar fata matsayin Esmeralda, wadda a labarin 'yar ƙabilar Roma ce. Ɗaliban da suka yi ƙorafin sun sha zagi da barazana a intanet.

Abin da ya haɗa rigingimun shi ne tambayar da kowace makaranta ke fuskanta: me ya dace yara su faɗa a bainar jama'a, kuma wa ke da ta cewa tsakanin malami da shugaban makaranta da iyaye da su ɗaliban? Shi ya sa malamai da dama ke miƙa wa hukumar makaranta cikakken rubutun wasan ta karanta tun kafin a biya kuɗin lasisi.

Abin da yaran ke samu

Ga 'yan ƙalilan, wasan makaranta ƙofar sana'a ce. Tun 2009 ake gasar Jimmy Awards, inda zakarun makarantu daga sassan ƙasar ke haɗuwa a wani dandamali na Broadway. Reneé Rapp ta lashe gasar a 2018, a shekarar da ta biyo baya ta samu babban matsayi a wasan Mean Girls. Eva Noblezada, wadda ta kai zagayen ƙarshe a 2013, daga nan aka ɗauke ta jagorantar Miss Saigon a Landan.

Mafi yawan ɗaliban kuwa ba za su sake hawa dandamali ba bayan kammala sakandare. Abin da suke tafiya da shi shi ne iya tsayuwa a gaban jama'a, da kiyaye lokaci, da sanin cewa idan mutum ɗaya ya ƙi zuwa atisaye ya ɓata wa mutum 50 aiki.

A ranar 14 ga Fabrairun 2018, lokacin da ɗan bindiga ya kashe mutum 17 a makarantar Marjory Stoneman Douglas da ke Parkland a jihar Florida, malamar wasan kwaikwayo Melody Herzfeld ta ɓoye ɗalibanta fiye da 60 a wani ɗaki har aka kuɓutar da su. Bayan wata huɗu aka karrama ta a bikin Tony Awards, babbar lambar yabon wasannin Broadway.

A daren, ɗalibanta sun hau dandamali sun rera wata waƙa daga Rent, wasan da aka taɓa hana takwarorinsu na Trumbull yi. 'Yan kallo sun miƙe tsaye suna tafi, wasu na share hawaye.