'Yar Ƙwayar da ke Tafiyar da Mita da Sola

Duk mai mitar kati ya san yadda abin yake: ka danna lambobi 20, ka ɗan jira, sai wuta ta dawo. Ba wani ma'aikaci ne ya amsa maka daga ofis ba. Wata 'yar baƙar ƙwaya ce a cikin mitar, wadda ba ta fi farcen yatsa ba, ta tantance lambobin, ta ƙara maka yunit, ta ba da umarni a saki wuta. Sunanta maikurokwantirola, masu gyara kuwa ayisi suke ce mata, ita da danginta.

Kwamfuta ce sukutum a dunƙule wuri ɗaya: ga sashen lissafi, ga ma'ajiyar umarni, ga ƙafafun da take karɓar saƙo da aika amsa ta cikinsu. Aiki ɗaya aka rubuta mata, shi take maimaitawa dare da rana. Dubi akwatin da ke tsakanin farantin sola da batir. Kullum ƙwayar da ke cikinsa tana auna ƙarfin batirin. In mai bolt 12 ne, da ya kai wajen 14.4 sai ta sassauta caji kada ya lalace. In ya yi ƙasa ainun, ta yanke fitilu. Haka take a rimot, da inbata, da injin wanki.

Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da irin wannan ƙwaya mai suna TMS1000 kasuwa a 1974, Intel ya biyo da 8051 a 1980, wadda har yau ake ƙera irinta. A 2021 ƙarancin waɗannan ƙwayoyi ya sa masana'antun motoci da dama suka tsayar da aiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar masu gyaranmu. Yaron da ya ƙware da dalma zai cire ƙwayar da ta ƙone tsaf, amma sabuwar fanko ce, ba za ta motsa ba sai an zuba mata umarni. A nan da yawa suke tsayawa, kayan su tafi bola.

Ilimin kuma ba gagara-badau ba ne. Allon Arduino mai ɗauke da irin wannan ƙwaya, wanda aka ƙirƙiro a Ibireya ta Italiya a 2005, don 'yan koyo aka yi shi. Ya kamata kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin masu gyara su sa rubuta umarni cikin abin da ake koya wa yaran shago tun daga shekarar farko.