Gafiya da Ramin da Take Tara Dukiyarta

Gafiya, wadda ake kiran namijinta burgu, tana cikin manyan dangin ɓera a Afirka, domin wadda ta ƙosa takan kai kilo 1 zuwa 1.5, tsawonta kuma daga hanci zuwa ƙarshen jela yakan kusanci santimita 90, wanda kusan rabinsa jela ce mai duhu daga gindi, fara daga ƙarshe. Masana dabbobi suna kiranta Cricetomys gambianus, sunan da Baturen Ingila George Waterhouse ya raɗa mata a 1840 saboda daga yankin kogin Gambiya aka kai masa ita, ko da yake mazauninta ya miƙe tun daga Senegal har zuwa Sudan.

A ƙasar Hausa ba a neman gafiya a fako ko a tsakiyar rairayi, saboda dabba ce da ba ta jure zafin rana, don haka takan zaɓi wurin da ke da inuwa da ɗan laima: bakin fadama, gefen gonar gyaɗa ko ta rogo, tsakanin saiwoyin kuka, tsohon suri da gara ta ƙaurace masa, da kuma kangaye da magudanan ruwa a cikin gari. Ramin nata ya cancanci a tsaya a kansa, domin gini ne mai tsari. Yana da ƙofa fiye da ɗaya, yana da ɗakin kwana da take shimfiɗe da busasshen ganye, inda macen ke haihuwa bayan ciki na kimanin wata guda, sannan akwai ɗakin ajiya dabam. Manomi mai lura yakan gane ramin da ke da mai shi ta sabuwar ƙasar da aka turo bakin ƙofa, da ɓawon gyaɗa da aka watsar, da ɗan layin da jela ta ja tsakanin sawun ƙafafu, kuma sau da yawa waɗannan alamu su ne iyakar abin da zai gani, tun da ita ba ta fitowa sai sawu ya ɗauke. Ganinta da rana abu ne baƙo ƙwarai, har Yarabawa, waɗanda ke kiranta okete, suna ɗaukarsa alamar cewa wani abu ya ɓaci.

A kowane kunci nata akwai wata jaka ta fata da take cusa abinci a ciki har fuskarta ta kumbura, sannan ta ruga rami ta juye, ta sake dawowa, haka har gari ya kusa wayewa. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganar nan ta "gafiya, tsira da na bakinki", wadda ake faɗa wa wanda ya riga ya samu wani abu amma kwaɗayi na neman tsayar da shi a wurin haɗari. Wanda ya fara faɗar wannan magana lalle ya ƙura wa dabbar ido, domin gafiyar da aka rutsa ba ta da wata dukiya sai abin da ke kuncinta. Shi kuwa burgu, sunansa ya zama sunan ɓarawo, kuma zargin yana da tushe, domin masu haƙar raminsa sukan tarar, ban da gyaɗa da hatsi, da tarkacen da ba ya iya ci, irin su sabulu da kwabbai da cokali. Sai dai matan gida sun san cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma rumbun da aka bari da kafa shi ke gayyatar baƙin dare.

Lokacin da aka fi ganinta shi ne daga kaka zuwa cikin rani, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, bakin rami ya bayyana, samari suka fita da karnuka da fartanya suna tura hayaƙi ta ƙofa ɗaya suna tsare ɗayar. Wannan farauta tana da tsada. Kububuwa da gamsheƙa sukan fake a ramin da gafiya ta bari, kuma hannun da aka zura da gaggawa shi suke sara. Wutar da aka kunna don naman da bai wuce miyar dare ɗaya ba kuwa takan ƙwace ta cinye harawa da makiyaya, alhali an daɗe da cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Idonta ba shi da ƙarfi, da hanci take rayuwa, kuma wannan hancin ne ya kai danginta inda ba a zata ba. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyin yankin su shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, tun da nauyinsu bai isa ya tayar da nakiya ba, su kuma gano tarin fuka a cikin kakin majinyata. Sun yi aiki a Mozambik da Angola, kuma a 2020 aka ba wani burgu mai suna Magawa lambar zinariya saboda nakiyoyin da ya gano a gonakin Kambodiya.