Nova Gorica: Tarihi, Yanayi da Al'adun Garin da Iyaka Ta Haifa

Gabatarwa

Galibin biranen duniya sannu a hankali suka kafu, wani a bakin kogi, wani a mahaɗar hanyoyin fatake, wani kuwa a gindin dutsen da ake fakewa lokacin yaƙi. Amma akwai waɗansu 'yan ƙalilan waɗanda aka fara zana su a takarda, sa'an nan aka nemo mutanen da za su zauna cikinsu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Nova Gorica, wanda ake furta sunansa Noba Goritsa, a yammacin ƙasar Sulobeniya, daf da iyakar Italiya. Labarinsa yana da amfani ga duk mai nazarin sha'anin mulki, domin yana nuna abin da kan faru idan aka raba birni da karkarar da take ciyar da shi.

Tsohon Birni

Ma'anar sunan ita ce Sabuwar Gorica, wato ke nan akwai tsohuwa. Tsohuwar ita ce birnin da Italiyawa ke kira Gorizia, Sulobeniyawa kuma Gorica, ma'ana ɗan ƙaramin tudu. An fara ambatonsa a rubuce cikin shekara ta 1001, kuma daga 1500 ya shiga hannun gidan sarautar Habsburg na Ostiriya, ya zauna ƙarƙashinsu shekara ɗari huɗu da wani abu. A zamanin nan ana jin harshe huɗu a kasuwarsa: Italiyanci, da Furiyulanci, da Sulobeniyanci, da Jamusanci, ga kuma jama'ar Yahudawa da majami'arsu. Manoman kwarin kogin Soča da na kwarin Vipava, waɗanda yawancinsu Sulobeniyawa ne, nan suke kai amfanin gonarsu, nan 'ya'yansu ke karatu, nan kuma suke zuwa asibiti da kotu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi wa wurin kaca-kaca, gama a bakin kogin Soča, wanda Italiyawa ke kira Isonzo, aka gwabza sau 12 tsakanin 1915 da 1917. Bayan yaƙin yankin ya koma hannun Italiya, gwamnatin Mussolini kuwa ta rufe makarantun Sulobeniyawa, ta hana amfani da harshensu a ofis da kotu. Cikin Mayun 1945 sojojin Yugoslabiya suka riƙe birnin kimanin kwana 40, suka kama ɗaruruwan mutane, da yawansu ba su ƙara dawowa ba. Saboda haka kowane ɓangare yana da tabon da yake nunawa, kuma wannan ne ya sa rabon ƙasar ya yi ɗaci.

Yadda Aka Ja Iyaka

Yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Paris ran 10 ga Fabrairu, 1947, ita ta yanke hukunci. Aka bar wa Italiya birnin, aka ba Yugoslabiya mafi yawan karkararsa ta gabas da arewa. Da yarjejeniyar ta soma aiki ran 15 ga Satumba, aka bi ana kafa turaku da waya mai ƙaya. Layin ya ratsa gonaki da farfajiyar gidaje, har wani ya wayi gari ɗakin kwanansa na wata ƙasa, garken shanunsa na wata. A ƙauyen Miren ya bi ta tsakiyar maƙabarta. Majami'ar Yahudawa ta tsaya a Italiya, maƙabartarsu ta faɗa Yugoslabiya. Babbar tashar jirgin ƙasa ta arewacin birnin, wadda aka buɗe a 1906, ita ma ta faɗa Yugoslabiya, alhali gidajen da ke fuskantarta suna Italiya, aka kuwa kafa shinge a filin da ke tsakaninsu.

Sakamakon haka birni ya rasa masu kawo masa abinci da masu sayen hajarsa, ƙauyuka kuma suka rasa cibiyarsu. Hukumomin Yugoslabiya suka ga ba makawa sai an gina wani gari a madadinsa.

Gina Sabon Gari

Wanda ya tsara garin shi ne Edvard Ravnikar, almajirin Jože Plečnik, wanda kuma ya taɓa aiki a ofishin Le Corbusier a Paris. Wurin da aka zaɓa fili ne mai dausayi, inda tsohuwar maƙabartar Gorizia take kafin yaƙin farko ya lalata ta. Tsarinsa shi ne gari na kimanin mutum 10,000, mai faffaɗan titi guda miƙaƙƙe a tsakiya, gidajen bene suna tsaye nesa da juna cikin itatuwa da ciyawa, yadda iska da hasken rana za su wadaci kowa. Ban da wannan akwai manufar siyasa, wato a nuna wa na ƙetaren waya abin da mulkin gurguzu zai iya yi. Don haka ne ma aka ɗora babban jan tauraro a kan tashar jirgin, yana kallon Italiya.

An aza harsashin gini ran 13 ga Yuni, 1948, ƙungiyoyin samari 'yan aikin gayya daga sassan Yugoslabiya suka zo haƙa da ɗaukar ƙasa. To, amma mako biyu bayan haka Tito da Stalin suka ɓata, ƙasar ta shiga matsin tattalin arziki, kuɗin da ake sa rai daga gwamnatin tarayya suka janye. Kaɗan daga tsarin Ravnikar aka iya aiwatarwa, kamar babban titin da jerin benayen da har yau ake kira benayen Rasha. Sauran garin an gina shi ne daga baya, gwargwadon ƙarfin aljihun hukumar gari da masana'antu irin su kamfanin kayan katako na Meblo. Shi ya sa baƙo kan lura cewa garin ba shi da tsohuwar unguwa, kuma cibiyarsa a warwatse take.

Lahadin Tsintsiya

Ran 13 ga Agusta, 1950, dubban mutane daga ɓangaren Yugoslabiya suka taru a mashigar Rožna Dolina domin su gana da 'yan'uwansu waɗanda rabonsu da su shekara uku. Da taro ya yi yawa sai suka ture shingen, suka kwarara cikin Gorizia. Ko da yake ranar Lahadi ce, masu kantuna suka buɗe. Da yamma mutanen suka koma gida da kansu, ɗauke da gahawa da kayan masarufi, musamman tsintsiya, wadda ta yi wuya a wajensu. Daga nan ranar ta sami sunanta. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma hukumomin ƙasashen biyu sun fahimci hakan. Yarjejeniyar Udine ta 1955 ta ba mazauna bakin iyaka takardar izini ta musamman don shiga da fita. Yarjejeniyar Osimo ta 1975 ta tabbatar da iyakar, aka gyara layin maƙabartar Miren. Italiyawa suka riƙa tsallakawa sayen man fetur da nama, Sulobeniyawa kuma gahawa da tufafi, fasa-ƙwaurin ƙananan kaya ya zama ruwan dare.

Yanayin Ƙasa

Garin yana inda duwatsun Alps suka gangaro suka haɗu da filin da ya miƙe zuwa Tekun Adiriyatik, wanda nisansa bai kai kilomita 30 ba. Iskar teku takan sassauta sanyi, har dusar ƙanƙara ba ta cika kwanciya ba. Matsakaicin zafi a Janairu wajen digiri 3 ne a ma'aunin Salshiyos, a Yuli kuwa wajen 22. Ruwan sama yana da yawa, kimanin milimita 1,400 a shekara, ya fi sauka wajen watannin Satumba zuwa Nuwamba, saboda gajimaren teku yakan ci karo da duwatsu. Wannan sauƙin yanayi ne ya sa attajiran Ostiriya suke zuwa Gorizia hutawa lokacin sanyi. Yau ana noman inabi da zaitun da ceri a tuddan Brda da kwarin Vipava, furen wardi kuwa shi ne tambarin Nova Gorica.

Abin tsoro a yanayin shi ne iskar da ake kira burja. Kamar iskar hunturu ta ƙasar Hausa, busasshiya ce mai sanyi daga arewa maso gabas, sai dai ita ba ta ɗauke da ƙura, ƙarfinta kuma ya wuce misali. A kwarin Vipava takan haura kilomita 200 cikin sa'a, har a hana manyan motoci bin hanya. Mutanen wurin sukan danne rufin gidajensu da duwatsu saboda ita.

Al'adu

Da yake garin sabo ne, tsofaffin wurarensa duk a gefe suke. A gidan ibadar Kostanjevica aka binne Charles na 10, sarkin Faransa da aka tuɓe, wanda cutar kwalara ta kashe a Gorizia cikin 1836. A Solkan akwai gadar jirgin ƙasa mai baka guda ta dutse mai faɗin mita 85, wadda ba ta da ta biyu a duniya cikin irinta. Shi garin kansa yana da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, da babban ɗakin karatu mai sunan marubuci France Bevk, da jami'a tun 2006. Daga 1984 kuma gidajen caca suka zama babbar hanyar samun kuɗinsa, yawancin masu zuwa daga Italiya suke. Wato garin da aka gina don ya tsaya da ƙafarsa ya koma dogara ga aljihun maƙwabcinsa.

Kammalawa

Sulobeniya ta ɓalle daga Yugoslabiya cikin Yunin 1991, har aka yi musayar wuta a mashigar Rožna Dolina. A 2004 ta shiga Tarayyar Turai, aka cire shingen filin tasha, a Disamban 2007 kuma aka daina binciken fasfo. Amma a Maris na 2020 annobar korona ta sa aka sake kafa shinge na 'yan watanni, a Oktoban 2023 kuma Italiya ta maido da binciken takardu a mashigai. Duk da haka, a 2025 garuruwan biyu, ɗaya mai mutum kimanin 13,000, ɗaya kimanin 34,000, suka riƙe kambin Babban Birnin Al'adu na Turai tare. Darasin da ke nan ga ma'aikacin hukuma shi ne, kafin a ja layi ko a zana sabon gari, ya kamata a fara bincika inda talakawa ke cin kasuwa, da inda suke aure, da inda suke binne matattunsu. Sai da aka shafe shekara 60 kafin mutanen Gorica biyu su sake tsallaka titi zuwa kasuwar kakanninsu ba tare da nuna takarda ba.